Dala Biliyan 5 Aka Nema, Miliyan 14 Aka Biya: Lissafin Shari'ar Linux Daga Garwa

A watan Maris na 2003, wani ɗan ƙaramin kamfanin manhaja mai suna SCO Group, da ke garin Lindon a jihar Utah ta Amurka, ya maka IBM a kotu kan zargin ya kwashi manhajarsa ya zuba a Linux, yana neman diyyar dalar Amurka biliyan 1. Kafin watan Yuni ya fita, kuɗin sun koma biliyan 3. Zuwa Fabrairun 2004 sun kai biliyan 5. Sai a watan Nuwamban 2021 aka naɗe tabarmar shari'ar, bayan IBM ya yarda ya biya miliyan 14.25. Shekara 18 da wata 8 ke nan ana kai-kawo, kuma cikin kowace dala 1,000 da aka nema, abin da ya shigo hannu bai cika dala 3 ba.

In aka juya kuɗin zuwa sefa, girman haɗamar ya fi fitowa. A canjin farkon 2004, dala biliyan 5 ta tasam ma sefa biliyan 2,600. Kasafin kuɗin Kamaru na wannan shekarar, har da albashin malamai da na sojoji da gyaran hanyoyi da biyan bashi, bai kai biliyan 2,000 ba. Kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ya so kotu ta damƙa masa abin da ya fi ƙarfin baitulmalin ƙasa guda. Abin da aka biya a ƙarshe kuwa, a canjin 2021, kimanin sefa biliyan 8 ne.

To, me ya haɗa mutumin Garwa a Kamaru da rigimar Turawa a Utah? Wayar da ke aljihunsa. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka cika tebura a babbar kasuwa, duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin cinikin wayoyin zamani a Afirka. Wayoyinsu na zamani da Android suke aiki, zuciyar Android kuwa Linux ce. Wanda yake tababa ya shiga saitin wayarsa, ya gangara zuwa bayanin waya. In da Faransanci aka saita ta, zai ga layin da aka rubuta «Version du noyau», da lambobi irin su 4.19 ko 5.10 a gabansa. Lambar Linux ce. Mai kiyos ɗin tura kuɗi a Yelwa, da ɗan acaɓan da ke jiran kiran fasinja, da manomin audugar da ya shigo gari daga Pitoa, kowannensu yana ɗauke da abin da SCO ya ce an sace masa.

Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai wadda na'ura ke karantawa, wato irin fayil ɗin da mai gyaran waya ke saukewa ya yi wa waya filashin idan ta maƙale a kan tambarin kamfani. Ko shi mai gyaran ba ya iya karanta abin da ke cikinsa, lodawa kawai yake yi. Akwai kuma asalin rubutun, wanda ɗan Adam ya zauna ya rubuta layi-layi, wanda daga gare shi ake sarrafa ta farkon. Wannan rubutun shi ne dukiyar. Mai shi yana iya hana kowa gani, yana iya sayar da izinin amfani, yana kuma iya sakinsa kyauta bisa sharaɗi. Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya ɗauki hanya ta uku. Linux ɗin da ya fitar a 1991 layi 10,000 ne da 'yan kai, kuma tun 1992 ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ce ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma in ka rarraba dole ka bayyana rubutun gyaranka.

Linux ya kwaikwayi halayen wata tsohuwar uwar manhaja mai suna Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T, a 1969. Kwaikwayon hali daban, kwafar rubutu daban, kuma a tsakanin waɗannan biyun lauyoyi suka ci abinci shekara da shekaru.

Ba SCO ne ya fara ba. A 1992 reshen AT&T mai kula da Unix, USL, ya kai ƙarar kamfanin BSDi, daga baya ya haɗa da Jami'ar California, kan cewa manhajar BSD da aka gina a Berkeley tana ɗauke da rubutunsa. A 1993 alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi hana sayar da ita. Jami'ar ma ta mayar da martani da tata ƙarar, ta ce AT&T ya kwashi aikin ɗalibanta da malamanta ya goge sunayensu. A farkon 1994 aka yi sulhu, ga kuma alƙalumansa: cikin fayil kusan 18,000, guda 3 aka cire, kimanin 70 kuma aka ƙara musu tambarin haƙƙin USL. Fayil ɗaya ke nan cikin kowane 6,000. Sai dai shekara biyun da aka yi ana tsoron taɓa BSD ta isa. Masu rubuta manhaja da dama sun tsallaka zuwa Linux, wanda a lokacin ba shi da ƙura a kotu, kuma BSD ba ta sake kamo shi ba. Wannan asarar ba ta cikin takardar sulhu, amma ita ce mafi girma. An kuma ɓoye sharuɗɗan sulhun har zuwa 2004, abin da ya bar ƙofa a buɗe ga mai son tada zaune tsaye.

Tun ana cikin wannan shari'a Unix ta canza hannu. Kamfanin Novell ya sayi USL a 1993 da hannun jarin da darajarsa ta haura dala miliyan 300. A watan Satumban 1995 ya sayar wa wani kamfani mai suna Santa Cruz Operation kasuwancin Unix, aka biya shi da hannun jari kimanin miliyan 6.1. A nan gizo ke saƙar. Santa Cruz ba shi da kuɗin sayen komai da komai, saboda haka aka rubuta yarjejeniya mai jerin abin da aka sayar da jerin abin da aka ware. Haƙƙin mallakar rubutun yana cikin jerin da aka ware. Kuɗin lasisin tsofaffin kwastomomi kuwa, Santa Cruz zai karɓo, ya miƙa wa Novell, a mayar masa da kashi 5 cikin 100 ladan wahalarsa. Kashi 95 na Novell ne.

Wannan 95 da 5 ita ce shaidar da ta fi kowace magana. Ka ɗauka mutum ya sayi kayan shago da kwastomominsa, mai fili kuma ya wakilta shi ya riƙa karɓar masa hayar sauran shagunan layin yana cire la'ada. Bayan shekaru magajinsa ya tashi ya ce filin nasa ne, kowa ya biya shi. Tambayar farko da za a yi masa a gaban alƙali ita ce, in filinka ne, don me ake ba ka la'ada a kan hayarsa?

Abin da ya ba magajin, wato SCO, bakin magana shi ne wani gyara da aka yi wa yarjejeniyar a watan Oktoban 1996. Gyaran ya ce haƙƙin mallaka yana nan a ware, sai dai wanda mai saye yake bukata don ya ci moriyar abin da ya saya. Bai faɗi wane ne ba, bai lissafa ko ɗaya ba. Jimla guda mai harshen damo, ita ta ci shekaru a kotu.

A 2001 kamfanin Caldera ya sayi sashen Unix na Santa Cruz, daga baya ya sauya suna zuwa SCO Group. Abin dariyar shi ne Caldera da sayar da Linux ya tashi, ƙarƙashin GPL ɗin nan. Kasuwa ta ƙi, asara ta yi yawa, aka kawo Darl McBride ya shugabanci kamfanin a tsakiyar 2002. Ga IBM kuma ya sanar tun ƙarshen 2000 cewa zai zuba dala biliyan 1 a harkar Linux, ya kuma janye daga wani aikin haɗin gwiwa mai suna Monterey da ya fara da Santa Cruz a 1998. McBride ya duba bai ga abin sayarwa ba, sai ya ga abin ƙara. Ya ɗauko David Boies, lauyan da ya tsaya wa gwamnatin Amurka a shari'arta da Microsoft, ya kuma tsaya wa Al Gore a rikicin zaɓen 2000.

A watan Mayun 2003 SCO ya aika wa manyan kamfanoni kusan 1,500 wasiƙar gargaɗi. A watan Agusta ya fitar da farashi. Babbar kwamfuta mai hidima, wadda ake kira saba, dala 699 in ƙwaƙwalwar sarrafawarta ɗaya ce, kuma in aka wuce tsakiyar Oktoba ta koma 1,399. Kwamfutar tebur dala 199. Ƙananan na'urori masu Linux a cikinsu dala 32 kowace ɗaya.

Mu kawo farashin gida. A canjin wancan watan dala 699 ta kai kimanin sefa 400,000. Mafi ƙarancin albashi a Kamaru a lokacin sefa 23,514 ne a wata, kuma haka ya tsaya har 2008. Wato lebura zai yi wata 17 bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi izinin kunna saba guda, izinin amfani da abin da dubban mutane suka rubuta suka bayar kyauta. Dala 32 ɗin nan kuwa ta kusa sefa 19,000. Android bai fito ba sai 2008, amma da kotu ta tabbatar wa SCO mallakar, kowace waya mai Android da ta faɗa cikin wannan aji. A ɗora 19,000 a kan wayar sefa 40,000 a ga saura mutum nawa za su iya saye.

Gaskiya farashin nema ne, kuma manyan masu ƙera waya da sun taya sun rage. Hukuncin kotun Utah ma ba ya hawa kan ɗan kasuwar Garwa kai tsaye. Amma wayar ba a Garwa ake ƙera ta ba, kuma abin da aka caji masana'anta a kan mai saye yake sauka. Akwai misali a ƙasa. Microsoft ya bi masu ƙera wayoyin Android da da'awar haƙƙin ƙirƙira, kuma takardun kotu na 2014 sun nuna Samsung ya biya shi fiye da dala biliyan 1 a shekara guda. Samsung ya sayar da wayoyin zamani wajen miliyan 300 a 2013, abin da ya kama dala 3 da ɗoriya a kan kowace waya. Wanda ya sayi Samsung a wancan zamanin ya biya rabonsa bai sani ba.

Nawa SCO ya tara daga lasisin nasa? A shekarar kuɗinsa ta 2003, sashen da ya kafa don wannan farauta ya shigo da dala miliyan 25.8. Mai karanta kanun labari zai ce kasuwa ta yi kyau. In aka buɗe jakar, kwastoma biyu ne: Microsoft ya biya kusan miliyan 16.7, Sun Microsystems ya biya miliyan 9.1. Dukkansu kamfanoni ne da Linux ke cinye wa kasuwa, kuma ba lasisin dala 699 suka saya ba. A shekarar da ta biyo baya, kuɗin sashen ba su kai miliyan 1 ba. Kamfanoni 1,500 ɗin nan mafi yawansu sun karanta wasiƙar, sun miƙa wa lauyoyinsu, sun ci gaba da harkarsu. Biyu daga cikin waɗanda SCO ya so ya yi wa horon jan kunne, AutoZone da DaimlerChrysler, ya kai su kotu a watan Maris na 2004. Ƙarar DaimlerChrysler kusan dukkanta aka kora cikin wata biyar.

Inda kuɗin gaske suka motsa shi ne kasuwar hannun jari. Hannun jarin SCO bai kai dala 2 ba a farkon 2003, zuwa Oktoba ya haura dala 20. A wannan watan BayStar Capital da bankin Royal na Kanada suka zuba masa dala miliyan 50. Shugaban BayStar daga baya ya shaida wa kotu a rubuce cewa wani babban jami'in Microsoft ne ya ƙarfafa masa gwiwa, Microsoft kuma ya musanta cewa ya sa kuɗi ko ya yi alkawarin sawa. A ra'ayina a nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Diyyar biliyoyin da aka nema ba lissafin asara ba ce. Ba wani akanta da ya zauna ya ƙirga ya samo ta. Tallar kaya ce ga masu zuba jari, kuma ta yi aikinta, tunda ta ninka farashin fiye da sau goma kafin a nuna wa alƙali layi ɗaya. Wanda ya sayar a Oktoban 2003 ya ci riba. Wanda ya saya a lokacin shi ya biya kuɗin wasan.

Lauyoyi ma ba su tashi a tutar babu ba. A ƙarshen 2004 aka ƙayyade kuɗinsu a dala miliyan 31. Abin da IBM ya biya bayan shekara 17 bai kai rabin wannan ba.

Sai maganar hujja, wadda ta yi ta ƙanƙancewa a idon jama'a. McBride ya ce layukan da aka sace sun kai miliyoyi. A taron kamfanin a Las Vegas, cikin Agustan 2003, aka haska wasu a bango, an sauya wani ɓangare zuwa haruffan Girka wai don a ɓoye sirri. Wani ya ɗauki hoto, cikin 'yan kwanaki masana irin su Bruce Perens suka mayar da haruffan suka bi salsalar rubutun. Ɗaya guntun daga Berkeley ya fito, ba na SCO ba ne sam. Ɗayan kuma tsohon rubutun Unix ne na shekarun 1970, irin wanda Caldera da kansa ya saki ga kowa a watan Janairun 2002. A 2005 wata wasiƙar cikin gida ta fito a kotu, inda wani injiniyan kamfanin ya rubuta tun 2002 cewa binciken da aka sa wani ƙwararre ya yi bai gano wata shaidar kwafa a Linux ba. A watan Fabrairun wannan shekarar alƙali Dale Kimball ya nuna mamakinsa kan tazarar da ke tsakanin abin da SCO ke faɗa wa 'yan jarida da abin da ya ajiye a gabansa.

Da wa'adi ya cika a Disamban 2005, SCO ya miƙa zarge-zarge 294. A watan Yunin 2006 alƙaliya Brooke Wells ta soke fiye da 180, saboda ba a faɗi fayil ba, ba a faɗi layi ba. Ta kwatanta abin da a tare mutum a ƙofar kanti a ce ya yi sata, ya tambayi me ya sata, a miƙa masa kundin kayan kantin a ce ya nemo da kansa. A zaman watan Maris na 2007 lauyan IBM ya ƙirga wa kotu abin da ya rage game da zuciyar Linux: layi 326, mafi yawansu jerin sunaye da lambobi ne da kowace manhaja mai bin tsarin Unix take bukata don ta yi magana da 'yan'uwanta. Linux na ƙarshen 2003 yana da layi kusan miliyan 5.9. Layi ɗaya ke nan cikin kowane 18,000. In aka raba dala biliyan 5 a kan layi 326, kowane layi ya haura dala miliyan 15, wato layi guda ya fi duk abin da aka biya a ƙarshe tsada. Lissafin wasa ne, domin ƙarar ta haɗa da zargin saɓa kwangila, amma ya nuna nisan baki da aljihu.

Duk da haka, ba ƙirgar layuka ce ta kashe SCO ba. Takardar 1995 ce. Tun a Mayun 2003 Novell ya fito ya ce haƙƙin Unix yana hannunsa, SCO ya kai shi ƙara a Janairun 2004 kan ɓata masa mallaka. Ranar 10 ga Agustan 2007 Kimball ya yanke cewa Novell ne mai shi. Ranar 14 ga Satumba SCO ya nemi kariyar kotun karayar arziki. A Yulin 2008 aka umarce shi ya biya Novell dala 2,547,817 daga kuɗin da ya karɓa a hannun Sun, wanda da ruwa ya kai wajen miliyan 3.5. Mai neman biliyoyi ya koma mai bashi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi numfashi a Agustan 2009, ta ce gyaran 1996 yana da ruɗanin da ya cancanci a saurari shaidu. Aka saurara. Ranar 30 ga Maris na 2010 masu taya alƙali yanke hukunci suka haɗu baki ɗaya cewa haƙƙin bai taɓa barin hannun Novell ba, kotun sama ta tabbatar a Agustan 2011. Kafin nan an sallami McBride tun Oktoban 2009.

Kasuwancin Unix ɗin da aka yi duk wannan ƙura a kansa, a 2011 aka sayar wa wani kamfani mai suna UnXis a kan dala 600,000. A tsohon farashin SCO, kuɗin lasisin saba 860 ke nan. Ragowar ƙarar IBM, wadda ta shafi aikin Monterey, ita ce ta yi ta jan ƙafa har aka yi sulhun miliyan 14.25. Kuɗin ba na satar Linux ba ne, kuma hannun mai kula da gawar kamfanin suka shiga. A 2019 IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da Linux ne jarinsa, a kan dala biliyan 34. Abin da ya ba SCO bai kai rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na wannan ba. UnXis, da ya koma Xinuos, ya shigar da sabuwar ƙara kan IBM da Red Hat a ƙarshen Maris na 2021, amma ba wanda hannun jarinsa ya girgiza.

Android ya sha tasa daban. Oracle ya sayi Sun a kan dala biliyan 7.4 a 2010, a shekarar ya kai Google ƙara kan layi kusan 11,500 na Java, manhajar Sun, da aka sa a Android, ya nemi wajen biliyan 9, fiye da abin da ya sayi kamfanin gaba ɗaya. A nan an yi kwafar, Google bai musa ba. Ranar 5 ga Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 2, ta ce amfani ne da doka ta halatta, tana nuni da cewa layukan kashi 0.4 ne cikin 100 na layi miliyan 2.86. Ko sisi ba a biya ba.

Linux ya fita daga rikicin da wata ɗabi'a guda da ta fi diyya amfani. Tun Mayun 2004 Torvalds ya sa doka cewa duk wanda ya kawo gyara sai ya rubuta sunansa a ƙarƙashi, yana shaida cewa aikinsa ne ko yana da izinin bayar da shi. Yau rubutun ya haura layi miliyan 40, kuma tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Kusan kowane gyara da ya shiga tun daga lokacin ana iya bin sawunsa zuwa ga wanda ya kawo shi da ranar da ya kawo.

Mu dawo gida. Kamaru ba baƙuwa ba ce a harkar haƙƙin mallaka. A Yawunde hedkwatar OAPI take, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa da Nijar da Chadi, wadda ke tafiya bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Dokar Kamaru mai lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamban 2000 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take karewa, sahu ɗaya da littafi. A takarda komai ya kammala. A kasuwa kuwa, ƙiyasin ƙungiyar BSA na 2017 ya ce kusan kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin ƙasar ba su da lasisi. A riƙe wannan adadi da hankali, domin BSA ƙungiyar masu sayar da manhaja ce, kuma ƙiyasi take yi, ba ƙidaya ba. Tana kuma ƙimanta asara kamar duk wanda ya loda Windows na bogi da ya sayi na gaske in an hana shi, alhali mai shagon buga takardu a Garwa da ya koma wata hanya. Ciwon biliyan 5 ne ya sake fitowa da wata riga. Amma duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa a loda masa komai da komai a kan 'yan dubbai ya san adadin bai yi nisa da gaskiya ba.

Ga kuma wata dama da aka bari ta wuce. A 2016 gwamnati ta sanar da raba wa ɗaliban jami'a kwamfutocin hannu 500,000, masu tambarin PB HEV, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga bankin Exim na ƙasar Sin. Kashin farko ya iso a Disamban 2017. In aka raba kuɗin a kan yawan kwamfutocin, kowace ta kama sefa 150,000, ko da yake shirin ya haɗa da gina cibiyoyin fasaha a jami'o'i. Bashin nan kaɗai ya ninka abin da SCO ya samu sau tara. Da Windows suka zo, manhajar da ɗalibi ba ya iya buɗe cikinta ya ga yadda aka gina ta. Ɗalibin Marwa ko na Ngaundere ya sami abin buga takarda da kallon fim, ba laifi. Da Linux aka sa masa ko da a gefe ne, da ya sami littafin karatu mai miliyoyin layi wanda kotu ta riga ta wanke. Ni a nawa lissafin, wannan ita ce asarar da ta shafe mu, ba ta Utah ba.

Jami'ar Garwa, da aka kafa a Janairun 2022, tana nan tana tasowa, kuma matasa masu rubuta manhaja suna ƙaruwa a arewa. Ga yadda cinikin yakan kasance. Mai kantin magani ko mai makarantar kuɗi ya kira yaro ya ce, «Ɗana, yi mini abin lissafin kaya da na kuɗin makaranta.» Yaro ya ce, «To Baba, an gama.» A yi ciniki da baki, a tura rabin kuɗi ta waya. Bayan shekara yaron ya sayar wa wani irinta, Alhaji ya ce ai tasa ce tunda shi ya biya. Ko kuma su ɓata, yaron ya tafi Duwala da asalin rubutun a cikin jakarsa, manhajar ta tsaya ba mai iya gyarawa. Kowannensu yana ganin an cuce shi, kuma ba wanda yake da abin nunawa. Novell da Santa Cruz suna da manyan lauyoyi da yarjejeniya mai shafuka masu yawa, jimla ɗaya ta kai Novell da magajin Santa Cruz kotu shekara bakwai. Dokar Amurka da yarjejeniyar Bangui sun haɗu a kan abu guda, cewa miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce.

Saboda haka in kana cikin masu wannan sana'a, ko masu ba da aikinta, kafin a fara a zauna a rubuta wa ke da asalin rubutun, ko za a miƙa shi ranar da aka gama biya, ko mai rubutawa yana da izinin sayar wa wani, da kuma waɗanne guntaye ya ɗauko daga manhajojin kyauta da sharaɗin lasisinsu. Shafi ɗaya ya isa. Ku sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.